Sao Tome Da Principe: Fiye Da Shekara 25 Ana Cinikin Biri A Sama

Duk ɗan kasuwar da ya san hannunsa ba ya raba ribar kayan da ba su iso rumfa ba. Sai ya ga an sauke lodi, ya ƙirga, ya cire kuɗin mota da na kwastan da na 'yan dako, sannan ya san abin da ya rage masa. To amma akwai wata 'yar ƙaramar ƙasa maƙwabciyar Nijeriya ta ɓangaren teku, wadda tun shekarar 1997 take tsara siyasarta da basussukanta da fatan jama'arta a kan man fetur ɗin da ba ta taɓa sayar da ko ganga ɗaya ba. Wannan ƙasa ita ce Sao Tome da Principe, kuma a kanta za mu yi sharhi a filinmu na Ƙasashe Maƙwabta a yau, domin Nijeriya na da hannu dumu-dumu a cikin labarin, kuma wahalar da ta biyo baya a kan ƙananan 'yan kasuwa da masu sayen abinci ta fi sauka.

Wace ƙasa ce wannan?

Sao Tome da Principe tsibirai ne manya guda biyu da wasu ƙanana a Tekun Gini, kimanin kilomita 250 daga gaɓar Gabon. Faɗin ƙasar duka bai wuce murabba'in kilomita 1,000 ba, in ma ya wuce da kaɗan ne, jama'arta kuwa kimanin 230,000 ne. Ke nan akwai ƙananan hukumomi da dama a Kano da Katsina da suka fi ƙasar baki ɗayanta yawan mutane. Turawan Fotugal ne suka mulke ta na tsawon shekaru wajen 500, ta sami 'yancin kai ranar 12 ga Yuli, 1975, inda Manuel Pinto da Costa ya zama shugabanta na farko a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo, wato MLSTP. A 1990 aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, a 1991 kuma Miguel Trovoada ya ci zaɓe. Majalisar dokokinta kujeru 55 gare ta, tsibirin Principe kuma yana da tasa gwamnatin yanki tun 1995.

Ƙasar ba baƙuwarmu ba ce kamar yadda wasu za su zata. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga filin jirgin saman Sao Tome ne ƙungiyoyin coci-coci suka riƙa jigilar kayan agaji da daddare zuwa yankin Biyafara tsakanin 1968 da 1970. Haka nan masu sauraron rediyo da dama a cikinmu sun daɗe suna kama shirye-shiryen Hausa na Muryar Amurka ba tare da sanin cewa daga wata tashar harba shirye-shirye a Pinheira a wannan tsibiri aka riƙa turo su ba.

Arzikinta na asali koko ne. A farkon ƙarnin da ya wuce akwai lokacin da babu ƙasar da ta fi ta fitar da koko a duniya, sai dai da gumin 'yan ƙwadagon da aka riƙa kwasowa daga Angola a wani tsari mai kama da bauta aka yi noman, har ta kai ga kamfanin Cadbury na Ingila da wasu 'yan'uwansa suka daina sayen kokonta a 1909. Bayan samun 'yanci gwamnati ta ƙwace manyan gonakin, Turawan da ke gudanar da su suka tafi, noman ya yi ƙasa, farashi ya karye a kasuwar duniya, ƙasa ta koma cin bashi da jiran tallafi. A cikin wannan hali ne aka fara jin ƙishin-ƙishin cewa akwai mai kwance a ƙarƙashin tekunta.

Yadda Nijeriya ta shigo ciki

A 1997 gwamnatin Sao Tome ta sa hannu a wata yarjejeniya da wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna ERHC, inda ta ba shi haƙƙoƙi masu yawan gaske a kan man da ake sa ran samu, shi kuma ya biya dala miliyan 5. A lokacin ƙasar ba ta da ƙwararrun da suka san yadda ake irin wannan ciniki. Daga baya da idanu suka buɗe sai aka shiga ja-in-ja, aka sake zama a kan yarjejeniyar a 2001 da kuma 2003, a daidai lokacin da kamfanin ya riga ya koma hannun attajirin Nijeriya Emeka Offor. Duk da gyare-gyaren, kamfanin ya ci gaba da riƙe kaso na musamman a wasu filayen.

Sai kuma batun iyaka. Nijeriya da Sao Tome kowacce ta ce yankin tekun da ake kyautata zaton man na can nata ne. Maimakon zuwa kotu, ranar 21 ga Fabrairu, 2001, ƙasashen biyu suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar haƙar yankin tare na tsawon shekara 45. Yankin ya kai kimanin murabba'in kilomita 34,000, wato ya ninka ƙasar Sao Tome ɗin kanta fiye da sau 30. Rabon da aka yi shi ne Nijeriya kashi 60 cikin 100, Sao Tome kashi 40, aka kuma kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a Abuja don gudanar da harkar. Aka yanka yankin fuloti-fuloti, aka kira kamfanoni su zo su taya.

Fuloti na ɗaya ya faɗa hannun ChevronTexaco da kashi 51, ExxonMobil da kashi 40, sai wani kamfanin haɗin gwiwa da Alhaji Aliko Ɗangote ke ciki da kashi 9. Suka biya kuɗin sa hannu dala miliyan 123. Shi wannan kuɗin sa hannu, ga waɗanda ba su sani ba, kamar kuɗin goron da mai neman rumfa ke biya ne kafin a ba shi makulli: ko ya yi ciniki ko bai yi ba, ya riga ya biya. Kason Sao Tome a ciki ya kama dala miliyan 49.2. Ga Nijeriya wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ga ƙasar da kokon da take fitarwa a shekara guda bai kai ko kusa da haka ba a wancan lokaci, tamkar an buɗe mata taskar Ƙaruna ne.

Mai bai fito ba, rigima ta fito

Tun kafin kuɗin su iso hannu aka fara faɗa a kansu. Ranar 16 ga Yuli, 2003, sojoji ƙarƙashin Manjo Fernando Pereira, tare da wasu tsofaffin sojojin haya da suka taɓa yi wa Afirka ta Kudu yaƙi a zamanin wariyar launin fata, suka kifar da gwamnati. Shugaba Fradique de Menezes, wanda shi kansa babban ɗan kasuwar koko ne kafin ya shiga siyasa, yana Abuja wajen taro a ranar. Masu juyin sun kafa hujja da talauci da cin hanci da halin da sojoji ke ciki, amma kowa ya san ƙamshin mai na cikin abin da ya ruruta wutar. Nijeriya da sauran ƙasashe suka matsa lamba, bayan mako guda aka sasanta, aka yi wa sojojin afuwa, Shugaba Olusegun Obasanjo da kansa ya raka de Menezes gida.

Ko da aka koma mulkin farar hula zaman bai yi daɗi ba. Tsarin mulkin ƙasar ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firayim minista, kowannensu kuma yana son ya zama shi ne mai faɗa a ji a harkar mai. A cikin shekara goma da de Menezes ya yi a kan mulki, daga 2001 zuwa 2011, mutum takwas ne ya rantsar a muƙamin firayim minista, ɗaya daga cikinsu ma, Patrice Trovoada, ɗan tsohon shugaba Miguel Trovoada, sau biyu ya hau. Mu da muke zirga-zirga a kan iyaka mun san abin da sauyin shugabanni akai-akai ke jawowa: yau an ce ga farashin fito, gobe sabon mai gida ya zo ya ce bai san zancen ba. Babu aikin hanya ko na wutar lantarki da zai kammalu idan gwamnatin da ta fara shi ba za ta kai shekara biyu ba.

Zagaye na biyu na sayar da filayen ma bai tsira ba. A ƙarshen 2005 ofishin babban lauyan gwamnatin Sao Tome ya fitar da rahoto yana cewa an tafka kurakurai masu girma wajen rabon, har an ba wasu kamfanonin da ba su da ƙwarewa ko ƙarfin aljihun yin aikin. Wannan ya faru ne bayan Obasanjo da de Menezes sun sa hannu a Abuja a watan Yunin 2004 kan wata sanarwa da ta yi alƙawarin bayyana wa jama'a duk kuɗin da ya shiga da duk kwangilar da aka ƙulla.

Doka mai kyau, asusu ba kuɗi

Adalci ne a faɗi cewa 'yan majalisar ƙasar sun yi wani abin yabo. A watan Disambar 2004 suka kafa dokar sarrafa kuɗin mai da taimakon masana daga jami'ar Columbia ta Amurka, dokar da masana da yawa suka ce tana cikin mafiya inganci a Afirka. Ta ce duk kuɗin mai asusu ɗaya zai shiga, sau ɗaya tak a shekara za a ciri wani kaso a zuba a kasafin kuɗi da amincewar majalisa, a ajiye wani kaso don 'ya'ya da jikoki, a riƙa binciken asusun, sannan ta haramta cin bashi da jinginar da man da ke ƙarƙashin ƙasa. Maƙwabciyarmu Chadi ta yi doka mai kama da wannan tun 1999, amma da mai ya fara kwarara sai gwamnatin Idriss Deby ta soke asusun 'yan baya a ƙarshen 2005.

Ita Sao Tome ba a kai ga jarraba tata dokar da manyan kuɗi ba. A 2006 Chevron ya haƙa rijiya ta farko mai suna Obo-1, aka tarar da alamun mai da gas, amma bai kai yawan da zai biya kuɗin haƙa a ruwa mai zurfi irin wannan ba. Kamfanonin Sinopec na ƙasar Sin da Addax suka haƙa wasu rijiyoyin a 2009 zuwa 2010, su ma suka tashi a tutar babu. ExxonMobil ya sayar da kasonsa, Chevron ya sayar wa Total na Faransa, shi ma Total ya haƙa nasa, a 2013 ya tattara ya tafi. A 2022 Shell da Galp na Fotugal suka haƙa rijiyar Jaca-1 a ruwan da ke na Sao Tome ita kaɗai, aka sake ganin alama, amma ba a fara fitar da mai ba. Kuɗin sa hannun da aka tara kuwa, da su aka riƙa toshe ramin kasafin kuɗi shekara bayan shekara, wani ɓangare kuma aka biya Nijeriya bashin da ta bayar tun ana jiran ciniki.

Abin da aka bari a baya

A ganinmu babbar asarar da ƙasar ta yi ita ce shekarun da aka ɓata ana kallon teku, alhali abubuwa uku da ke riƙe da rayuwar talaka suna nan yadda suke.

Na farko tashar jiragen ruwa. Ƙasa ce da kusan komai shigo da shi take yi, daga shinkafa da garin fulawa har siminti da magani, amma tashar Ana Chaves da ke babban birninta ba ta da zurfin da babban jirgi zai matso. Sai jirgi ya tsaya can cikin teku, a riƙa sauke kwantena a kan ƙananan jiragen dako ana kawowa gaɓa. Duk wanda ya taɓa juye kaya daga tirela zuwa ƙananan motoci saboda lalacewar hanya ya san ma'anar wannan: kuɗin lebura biyu, ɓata lokaci, fashewar kaya, kuma duk a kan mai saye ake ɗorawa. An sa hannu da wani kamfanin Faransa a 2008 kan gina tasha mai zurfi a Fernao Dias, aka sake ƙulla wata maganar da wani kamfanin ƙasar Sin a 2015 a kan kimanin dala miliyan 800, duka biyun suka tsaya a takarda.

Na biyu wutar lantarki. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙoramu da ruwan sama mai yawa, amma mafi yawan wutarta da injunan gas ake samarwa. Yadda abin ya daɗe yana tafiya shi ne, kamfanin wuta na gwamnati, EMAE, yana karɓar gas bashi daga kamfanin mai na ENCO, shi kuma ENCO yana karɓa bashi daga Sonangol na Angola, wanda shi ne ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. Kuɗin wutar da ake karɓa a hannun jama'a bai biyan kuɗin gas ɗin, don haka bashi ya yi ta taruwa. Mun san abin da ke faruwa a kasuwa idan ɗan kiri bai biya dillali ba, dillali bai biya mai kaya ba: wata rana mai kaya zai ce sai da kuɗi hannu. Haka aka yi a 2023. Sonangol ya daina bayarwa bisa tsohon sassauci, aka shiga layin mai da ɗaukewar wuta, gwamnati ta koma sayen mai da ɗan abin da ya rage a asusun ajiyarta na kuɗin waje. Ƙasar da aka yi wa albishir da zama mai sayar da mai ta wayi gari ba ta da na kunna fitila.

Na uku kuɗin ƙasa. Tun watan Janairun 2010 aka ɗaure kuɗinsu, wato dobra, a jikin Yuro bisa wata yarjejeniya da Fotugal, a kan dobra 24,500 kowace Yuro ɗaya, wanda ya koma 24.5 bayan an yanke sifiri uku a 2018. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san irin wannan tsari, domin haka sefa take. Amfaninsa shi ne ɗan kasuwa ya san lissafinsa, ba ya kwana da farashi ya tashi da wani kamar yadda masu riƙe da naira suka gani bayan Yunin 2023. Amma ɗaurin ba ya tsayawa sai babban banki na da Yuron da zai ba mai shigo da kaya. Idan asusu ya bushe, farashin canji na nan a rubuce, amma ka je banki a ce ka dawo gobe.

Wa ke biya?

A watan Maris na 2007 aka yafe wa ƙasar bashin da ya haura dala miliyan 300 a ƙarƙashin shirin sassauta wa matalautan ƙasashe, amma ba a daɗe ba wani ya sake taruwa. Mafi yawan ayyukan raya ƙasa da kuɗin masu ba da tallafi ake yin su. Hatta huldar jakadanci ta zama hanyar nema: a 1997 ƙasar ta ƙulla da Taiwan ta riƙa samun tallafi, a Disambar 2016 ta yanke da ita ta koma wa ƙasar Sin. Da hanyoyin suka ƙuntace sai aka juyo kan jama'a. A watan Yunin 2023 aka fara karɓar harajin sayen kaya na VAT kashi 15 cikin 100, wato ninki biyu na kashi 7.5 da Nijeriya ta sa a 2020. A Disambar 2024 Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya amince da ba ta rancen kimanin dala miliyan 24, tare da sharuɗɗan da aka saba: a tsuke bakin aljihu, a gyara farashin mai da na wuta, a ƙara tara haraji. A wannan watan ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, abin da ke faranta rai a takarda, amma yake rage wasu rangwamen da take samu. Matasa kuwa da yawansu sun kama hanyar Fotugal neman aiki.

Siyasar ma ba ta lafa ba. Ranar 25 ga Nuwamba, 2022, aka kai hari barikin soja a babban birnin, gwamnati ta ce yunƙurin juyin mulki ne, mutum huɗu suka mutu a hannun sojoji bayan an kama su, ciki har da Arlecio Costa, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi juyin 2003. A watan Janairun 2025 Shugaba Carlos Vila Nova ya sallami firayim minista Patrice Trovoada, duk da cewa jam'iyyarsu ɗaya, ADI, wadda ta ci kujeru 30 cikin 55 a zaɓen 2022. Daga cikin dalilan da ya bayar har da yawan zaman firayim ministan a ƙasashen waje. Wadda aka naɗa a madadinsa ba ta yi mako guda ba ta ajiye, sannan aka ba Americo Ramos.

Duk da haka ba za mu rufe ido ga alherin ƙasar ba. Tun 1991 ake yin zaɓe a kan kari, mai mulki ya sha kaye ya miƙa, abin da wasu manyan ƙasashen yankinmu suka kasa. Yawancin jama'arta sun iya karatu da rubutu, an kuma rage zazzaɓin cizon sauro ƙwarai da gaske. Ƙananan manoman da aka raba wa tsofaffin gonaki sun haɗa ƙungiyoyi suna noma koko ba tare da taki ko maganin feshi na zamani ba, suna sayar wa kamfanonin Turai da daraja. Masu yawon buɗe ido na zuwa, musamman Principe da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2012. Waɗannan su ne ke kawo kuɗi a zahiri, kuma da an ba su rabin kulawar da aka ba rijiyoyin teku, tare da wuta da tashar jirgi, da labarin ya sha bamban. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi

Wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, kashi 60 na wancan yankin teku na 'yan Nijeriya ne, hukumar da ke kula da shi a Abuja take, kuma yarjejeniyar shekara 45 ce. Haƙƙin 'yan majalisarmu ne, musamman masu wakiltar garuruwan kan iyaka da ke fama da rashin hanya da wuta, su tambayi nawa aka kashe wa hukumar tun kafa ta, nawa ya shigo, kuma su wa ke riƙe da filayen yanzu. Alƙawarin bayyana komai da aka yi a 2004 ba a ce na shekara ɗaya ba ne.

Ta biyu, albishir da mai ba a Sao Tome kaɗai ake yin sa ba. An yi shi a Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe a 2022, Nijar kuma ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na ƙasar Sin a 2024 a kan man da za ta fitar nan gaba. Ba mu ce duk albishir ƙarya ne ba, na Nijar ma man yana fita. Abin da muke cewa shi ne, duk lokacin da hukuma ta ce a yi haƙuri arziki na tafe, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su tambaye ta abu uku: nawa aka riga aka karɓa, a ina aka ajiye shi, kuma wane aiki za a yi bana da kuɗin harajin da muke biya a hannu. Wanda ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa bai kamata ya jira sai ta kansa ba.

Allah Ya kawo wa mutanen Sao Tome da Principe sauƙi, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa wa kasuwanninmu albarka, amin.